Cigiyar Waɗanda Suka Yi Gabas

Da wuya a sami gida mai tsohon tushe a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, wanda za a zauna hira da tsofaffinsa har dare ya raba ba a ji an ambaci wani da "ya yi Gabas" ba. Wani lokaci ƙanen kaka ne, wani lokaci wan uba, wani lokacin kuma mace ce da ta bi mijinta da goyo a baya. An san ranar da suka fita, domin an yi musu rakiya har bayan gari, aka yi addu'a, aka rabu. Abin da ba a sani ba shi ne inda ƙafarsu ta tsaya. A da, magana takan ƙare a nan, a ce in sun mutu Allah Ya jiƙan su, in suna raye Allah Ya sada mu da alheri. Yau kuwa ba ta ƙarewa a nan, saboda kowane saurayi yana da waya a aljihu, kuma hoton da aka saka a Facebook da hantsi a Jega, kafin azahar an gan shi a Makka da Khartum da Kumasi. Cigiyar dangi ta zama aikin da mutum ɗaya zai iya ɗauka daga ɗakinsa, kuma a cikin 'yan'uwa marubuta mun san da yawa da suka ɗauke shi, wasu don gina labari, wasu don rubuta tarihin gidansu.

Muna murna da wannan himma, mu ma mun taɓa ta. To amma akwai tambayar da ba mu ji ana yi ba a tarurrukanmu, kuma ita muke so mu ajiye a gaban masu karatu: idan an gano su fa, sai me? Mai cigiyar akuya ya san abin da zai yi in ya gan ta, zai sa mata igiya ya ja ta gida. Mai cigiyar ɗan'uwa fa?

Kafin mu shiga wannan, ya kamata mu tuna wa matasanmu cewa fita ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan. Ita kanta Jega garin waɗanda suka baro gida ne. Gimbanawa jama'ar Malam Abdussalami ne, waɗanda harin da mayaƙan Gobir suka kai musu a Gimbana yake cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajajen 1820. Ba a daɗe ba kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, zango ga fataken goro masu ƙetare Kwara su ratsa Bargu su nufi Gwanja. Wasu sun dawo da jakai cike da goro, wasu kuwa sun yi aure a Salaga ko Kumasi, nan aka binne su. Wanda yake son ganin yadda suna kan zama taswirar tafiya, ya dubi Alhaji Umaru, babban malamin nan kuma mawaƙi da ya rasu a Kete-Karachi a 1934. A rubuce-rubucen Larabci ana danganta shi da Kabi, da Kano, da Salaga, a jere, wato asalin gidansu, da inda aka haife shi, da inda ya yi zama.

Hanyar Gabas ita ce ta fi cin mutane. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin da ake kira Mai Wurno yake har yau. Bayansu kuma talakawa suka yi ta bi, shekara da shekaru, da niyyar hajji, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, a ƙasa ko a kan jaki. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi ƙwadago. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai aikin ya samu, kuma tsayawar damina ɗaya ta zama ta shekara goma, ta goma ta zama ta har abada. Waɗanda suka tara kuɗin jirgin ruwa sun ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin ko Fot Sudan, wasunsu ba su dawo ba. Wanda ya kalli gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 2018 ya ga 'yan wasan Saudiyya har uku masu ɗauke da sunan Hausawi, ɗaya daga cikinsu ma shi ne kyaftin. Da yawa daga cikinmu sun yi dariyar jin daɗi a ranar. Kaɗan ne suka tambayi kansu ko daga wace unguwa kakannin waɗannan samari suka tashi.

A gidanmu, wanda ya yi Gabas ƙanen kakanmu ne, kuma ya fita kafin yaƙin Hitila. Abin da ya rage mana daga gare shi takarda ɗaya ce tak, wasiƙar ajami da wani alhaji ya kawo, aka naɗe ta cikin tsumma aka jefa a adaka tare da layu da tsofaffin rasiɗan haraji. A cikinta ya gai da kowa da sunansa, ya ce yana Madani yana aikin auduga, da zarar ya haɗa kuɗin jirgi zai wuce, sannan ya yi wa wansa ta'aziyyar mahaifinsu, wadda labarinta ya iske shi a can. Ranar da muka karanta ta, abin da ya fara zo mana a rai, mu faɗi gaskiya, shi ne ga labari ya samu. Har mun fara tunanin sunan littafi.

Aikin binciken ya ci mu kusan shekara biyu, kuma ga wanda yake shirin yin irinsa, ga kaɗan daga abin da muka koya. Mun je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, mun duba abin da ya shafi Lardin Sakkwato. Takardun suna da amfani wajen sanin zamani, amma Bature ya fi damuwa da yawan masu biyan haraji, da shanu, da sunayen hakimai. Talakan da ya ɗauki sanda ya fita ba ya cikin lissafinsa sai dai a matsayin kai ɗaya da ya ragu. Taskar gaskiya tana wurin tsofaffin mata. Su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wa aka yaye a gidan wa. Sai dai nan ma akwai shinge, kuma shingen alkunya ne. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗan farinta, ko na wanda aka yi wa takwara da ɗayansu. Haka za ka yini ana ce maka "mai sunan Malam" ko "na ɗakin tsakiya", har sai ka nemo wata wadda ba ta da nauyin wannan suna a bakinta. Ga kuma rashin sunan dangi irin na Turawa: mu sunan uba muke jinginawa, ko na gari in an shiga makarantar boko, shi ya sa Muhammadu ɗan Abdullahi zai iya zama mutum dubu tsakanin nan da Bahar Maliya. Abin da ya cece mu laƙabi ne, wani laƙabin tsokana da aka yi masa tun yana yaro, wanda ashe ya bi shi har kabari. Wani ɗalibi ɗan Aliero da ke karatu a Khartum ya yi mana karamci ya je Wad Madani, ya yi ta tambayar inda Kabawa suke, har ya faɗa hannun wani tsoho da ya ji laƙabin ya yi murmushi. Mutumin ya daɗe da rasuwa, bai kuwa taɓa ganin Ka'aba ba. Ya bar 'ya'ya maza da mata, da jikoki masu yawa.

Da murnarmu muka tafi Aliero mu gaya wa Gwaggo, 'yar kakanmu, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda aka haifa kafin wasiƙar ta zo. Ta saurare mu har muka gama, ta yi hamdala, ta share hawaye da gefen zane. Sannan ta ce, "To, ɗiyana, kun gano su, madalla. Amma kun tuna da gonag ga ta hanyar Maiyama? Tun ina ƙarama nike jin ana ce mata gonar Baba, alhali ba shi ɗai anka bar ma ita ba. In ɗiyan ƙane nai sunka zo, mi za ku ce musu?"

Babu wanda ya amsa mata a cikinmu. Wasiƙar nan da muke wa kallon kayan adabi, Gwaggo tana yi mata kallon shaida, kuma ita ce da gaskiya. Tunda ya yi ta'aziyyar mahaifinsa da hannunsa, to ya tabbata yana raye lokacin da mahaifin ya rasu, ke nan ya ci gado, ko yana Jega ko yana bangon duniya. Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a yi bincike, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Amma dukiyarsa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin sa'o'insa ba sa wucewa, wanda mafi shahara shi ne saba'in daga haihuwarsa. Ko a lokacin ma magadansa ake bai wa, kuma in yana da ɗa namiji, 'yan'uwa ba su da komai a ciki. Wani daga cikinmu ya kawo maganar hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum har ya zama nasa. Limamin unguwarmu ya tuna masa cewa hauzi yana aiki ne a kan wanda yake nan, yana gani ana cin abinsa, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru. Wanda ke Madani yana tsinkar auduga bai ga komai ba.

Wato shekara tamanin da wani abu muna cin dawa da gero daga gonar da wani yanki nata ba namu ba ne. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi ƙarya; an dai yi shiru ne, shirun kuma ya yi wa kowa daɗi. Tun daga ranar muka daina jin karin maganar nan ta "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" kamar yadda muke jin ta a da. Mun lura cewa wanda ya zauna ne yake faɗin ta, kuma sau da yawa yakan tuna da ita ne a ranar rabon gado. Ba mu taɓa jin ta a bakin uwar da ɗanta ya tafi ba. In ma da gaskiya ce ɗungurungum, da Gimbanawa ba su riƙe sunan Gimbana shekara ɗari biyu bayan barinta ba.

A nan ne ake samun saɓani tsakanin ma'auni biyu da dukansu namu ne. Al'ada ta ce zumunta a ƙafa take, ma'ana ɗan'uwa shi ne wanda ka je sunansa ya zo jana'izarka, wanda kuwa ƙafa ta yanke tsakaninku shekara tamanin ya zama bare, ko da kun haɗa kaka. Shari'a kuma a babin gado ba ta tambayar ƙafa, nasaba take tambaya. Mun ji masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tunda su can ba su san da gonar ba, ba su nema ba, tono maganar fitina ce kawai za ta haifar tsakanin waɗanda ke zaune lafiya. Ba mu raina wannan magana ba, domin mun ga gidajen da gado ya watsa, kuma zaman lafiya ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a duba wanda shirun yake yi wa amfani. In har mai ba da shawarar a yi shiru shi ne mai cin amfanin gonar, to shawararsa tana buƙatar wani ya sake auna ta. Kuma ƙafar da aka ce ta yanke, wa ya yanke ta? Shi dai ya rubuto. Ba mu sami wata alama cewa an ba shi amsa ba.

Har zuwa nan, mai karatu zai ce to ai magana ta fito fili: a neme su, a ba su haƙƙinsu. Da ma a ce a nan ta tsaya.

Da muka fara magana da su ta waya, matan gidan sun karɓe mu hannu bibbiyu. Wata dattijuwa, 'yar marigayin, ta yi ta kuka tana jero sunayen unguwannin Jega da ba ta taɓa gani ba, da wata irin Hausa mai "munka" da "sunka" wadda ko a nan sai a bakin tsofaffi ake jin ta da wannan tsabta. Amma ɗaya daga cikin jikokin, ma'aikacin gwamnati, ya yi mana sanyi-sanyi. Bayan gaisuwa ya roƙe mu abu ɗaya: kada mu saka hoton kakansa, ko wasiƙar, ko sunayensu a intanet. Mun ji zafin wannan, har wani ƙanenmu ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ga mutum yana gudun asalinsa. Sai daga baya muka fahimci abin da yake gudu. A Sudan, waɗanda ake kira Fallata ko Takari sun daɗe suna fama da tambayar ko su 'yan ƙasa ne na sosai, kuma samun takardar zama ɗan ƙasa ya sha danganta da tabbatar da tun yaushe kakan mutum yake ƙasar. A watan Yulin 2022, a jihar Bulu Nil, rikici ya ɓarke bayan Hausawan yankin sun nemi a amince musu da sarautar gargajiya ta kansu, waɗansu ƙabilu suka ce baƙi ba su da ƙasa. An kashe mutane da yawa, aka kuma sake a watan Oktoba na shekarar. A irin wannan wuri, takardar da ke nuna cewa kakanka ya zo daga Jega jiya-jiya, wadda mu muke ɗauka abin alfahari, tana iya zama wuƙa a hannun maƙwabcinka. Mu da muka ga yadda aka kori baƙi daga Gana a 1969, muka kuma rama a 1983, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Ashe ke nan wanda aka gano yana da haƙƙi biyu a kanmu, kuma suna iya jan mu ɓangarori daban-daban: haƙƙin a kai masa abin da yake nasa, da haƙƙin a bar shi ya zaɓi abin da za a sani game da shi. Mai cigiya yakan manta da na biyun, saboda zumuɗi. Yana ganin tunda jini ɗaya ne, labarin ma nasa ne. Amma rabin labarin ne kawai namu, wato daga haihuwa zuwa ranar rakiya. Sauran rabin su suka rayu da shi, su suka biya kuɗinsa.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan nauyi, wanda dole mu faɗa ko da ba zai yi daɗin ji ba. Ba duk wanda aka ce "ya yi Gabas" ne ya tafi don ɗokin Ɗakin Allah ba. Wani bashi ya kore shi, wani abin kunya, wani zaluncin mai sarauta, wani kuma bawa ne da ya ga hanyar hajji ita ce ƙofar da zai fita ya zama mutum a inda ba a san shi ba. Wasu ma ba da ƙafarsu suka zaɓi tafiya ba: an san cewa akwai matafiyan da suka riƙa tafiya da yara da barori suna sayar da su a hanya ko a Hijaz don su cika guzuri, kuma Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai a 1962. Idan muka juya Yamma, abin ya fi muni. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun tura Hausawa da yawa bakin teku, aka ƙetara da su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yi tawaye a 1807 da 1809 da 1814, wasunsu kuma suka shiga babban tawayen Musulmi na birnin Salbado a watan Azumin 1835. Wani jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu bayi Hausawa ya rubuta garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga a 1851. Su waɗannan babu wasiƙa, babu laƙabi, sunan ma an canja musu. Kuma kasuwannin ƙasar nan na wancan ƙarni, har da manya irin tamu, ba goro da gishiri da tufafi kaɗai ake ciniki a cikinsu ba. Duk mai tonon tarihin gidansu ya shirya wa yiwuwar ya tarar kakansa ne aka sayar, ko kuwa kakansa ne ya sayar. Gwajin jinin nan na zamani da baƙaƙen fatar Amurka da Barazil suke yi don neman tushensu, wata rana zai iya kawo wani har ƙofar gidanmu, kuma tambayar da zai zo da ita ta wuce ta gona.

Wani zai ce to in haka ne ai gara kada a fara, kaza garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Mu ba mu tare da wannan ra'ayi. Rashin sani bai taɓa biyan bashi ba, ya dai ɓoye mai binsa ne. Kuma akwai waɗanda suka mutu da ƙishirwar labari, iyaye mata musamman. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gane wannan tun a Shaihu Umar, inda uwa ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta a hanyar hamada. Kowace unguwa tana da irin wannan uwa, sai dai tata tafiyar a zuci ta yi ta, tana zaune a bakin murhu, duk shekara in alhazai sun dawo ta aika a tambayo. Dattijuwar nan ta Madani ta gaya mana cewa mahaifinta ma haka ya yi ta tare matafiya yana tambayar mutanen Jega. Mu ne muka zo a makare, amma zuwan ya yi mata amfani, kuma ba mu da ikon cewa wannan amfani ƙarami ne.

Abin da muke gani shi ne a sauya tsarin aikin. Mu mun fara da bincike, sannan muka faɗa cikin tambayoyin da ya haifar ba shiri. Da za mu sake, da zaman gida za mu fara: a tara manya, a tambaye su ko akwai gona, ko gida, ko amanar da wanda ya tafi ya bari, a kuma amince tun ba a san ko su waye ba cewa in an same su za a ba su. Alkawarin da aka yi kafin a san ko magadan attajirai ne a Jidda ko 'yan ƙwadago ne a Jazira ya fi tsabta, domin mun lura, abin kunya, cewa cigiyar dangin da ke Saudiyya ta fi ta na Sudan zafi a wurin mutanenmu, kuma kowa ya san dalili.

Mu marubuta kuma namu nauyin ya ninka. Sauran mutane in sun gano, a gida maganar za ta tsaya. Mu kuwa hannunmu yana ƙaiƙayi. Muna da wata ɗabi'a ta ɗaukar duk abin da ya shigo kunnenmu a matsayin kayan aiki, har mukan ji kamar mun yi wa mutum alfarma in mun saka shi a littafi. Tsohuwar da ta buɗe maka abin da ta rufe shekara sittin, don kai ɗanta ne ta buɗe, ba ta san da wani mai karatu a Kano ko Zariya ba. Sauya suna ma ba ya wadatarwa a garuruwa irin namu, inda in ka ce "wani mai saƙa a bayan kasuwa" kowa ya san gidan. Ba muna cewa kada a rubuta ba. Adabinmu yana da babban giɓi a nan. Mun cika kasuwa da labaran soyayya alhali tafiyar da ta kwashe dubban mutanenmu ba ta sami ko littattafai goma na kirki ba, har ya zama masu bincike na jami'o'in waje, irin su Bawa Yamba da ya yi nazarin Hausawan Sudan ya buga a 1995, sun riga mu. A rubuta, amma a nemi izinin masu rai, a karanta musu abin da aka rubuta kafin a kai maɗaba'a, in sun ce a cire a cire. Wanda ya ga hakan zai rage wa labarinsa armashi, to ya ƙago nasa mutanen daga tushe, ai don haka aka yi ƙagaggen labari. Wannan maƙala ma sai da aka karanta wa wancan jika ta waya, kuma akwai sakin layi biyu da ya ce a cire, an cire.

Game da gonar, liman ya zauna da manyan gida ya yi lissafi. Ba a rabu lafiya ƙalau ba a zaman farko, akwai wanda ya tashi ya fita, kuma har yanzu gaisuwarsa da mu ba ta wuce ta fatar baki ba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a ci gaba da noma ta, a riƙa ware kason mutanen Madani daga amfanin kowace kaka, a sayar a aika musu, har su yanke abin da suke so a yi da rabonsu. Na shekarun baya kuwa, dattijuwar ta ce ita ta yafe nata, sauran magada kowa zai faɗi da bakinsa. Sau ɗaya aka samu aka aika. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, a watan Disamba na shekarar ya iso Wad Madani, lambobin da muke kira duk suka daina shiga. Daga baya jikan nan ya kira mu daga wajen Gadarif, ya ce sun watse, wasu suna tare da shi, dattijuwar kuwa an fita da ita a wata motar daban, yana kan nema. Ya tambaye mu, cikin wata murya da ba irin ta farko ba, ko mota tana zuwa Jega daga Maiduguri kai tsaye, ko sai an sauka a Sakkwato.

Gwaggo ta sa an share ɗakuna biyu a gidanta na Aliero. Kuɗin dawar yana hannun liman, a cikin ambulan da aka rubuta laƙabin marigayin a bayansa da ajami.